Yayana da Ya Yi wa Faransa Ƙwallo

Ina ƙaramar yarinya Nasara suka ɗebi samarin ƙauyenmu, can ƙasar Damagaram, suka tafi da su yaƙi. Yayana yana cikinsu. Shi ne gwanin kokawar ƙauyen, saboda haka da aka ce a fito da majiya ƙarfi ba a daɗe ana nema ba. Abin da nake iya tunawa da shi na lokacin kaɗan ne: yakan ɗaga ni da hannu ɗaya ya ɗora a kan jaki, kuma in yana cin tuwo ba ya magana. Da yaƙi ya ƙare waɗansu suka dawo, waɗansu aka kawo labarin rasuwarsu. Shi kuwa aka ce yana nan da rai, ya zauna a Faransa. Innarmu ta yi ta jira har Allah ya karɓi ranta.

Ni kuma na yi aure, muka kamo hanyar Gabas da maigidana. Muka tsaya Sudan muna tsinkar auduga har muka sami na jirgin ruwa, muka ƙetaro. Bayan mun sauke farali ba mu koma ba. Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da shi, ya rasu, ya bar ni da 'ya ɗaya. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, ba ni da kowa, sai ɗan ɗakin langa-langa da katako a unguwar Mansur a Makka, da tanda da nake toya waina a bakin hanya da safe. 'Yata ta girma, ta yi aure a unguwar Jarwal, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinta. Haka nake zaune har farkon shekarun alif ɗari tara da sittin.

Wata safiya gab da aikin hajji, ina tsugune ina juya waina, sai wani ɗan garinmu da ke yi wa muɗawwif, mai kula da alhazai, hidima ya tsaya a kaina da wani ƙaton mutum a bayansa. Ya ce, "Hajiya, wannan alhajin tun da ya sauka yake cigiyar 'yan ƙauyenku."

Na ɗaga kai. Mutumin ya tsorata ni. Hancinsa ya baje, haƙoran gaba babu, kunnuwansa sun dunƙule kamar curin daddawa. Wuyansa da kansa kusan kauri ɗaya. Amma tsagar da ke kumatunsa irin tawa ce, hannun wanzami ɗaya.

Ya ce, "Ke ce autar Inna?"

Ban san lokacin da na saki cokalin ba. Wainar da ke tanda ta ƙone ƙurmus, wata maƙwabciyata ce ta sauke. Na riƙe hannunsa ina kuka, ina cewa, "Yaya, me ya sami fuskarka? Yaƙin ne?"

Ya yi dariya, ya ce, "Yaƙi bai taɓa ni ba. Wasa ne."

Ashe sai da ya fara zuwa gida. Ya tarar da baƙi a gidanmu, aka nuna masa kabarin Inna, aka ce masa ƙanwarsa ta yi Gabas. Bai yi mako a ƙauyen ba ya biyo ni. Hausarsa ta yi tsatsa, yana magana yana tsayawa yana laluben kalma, wani lokaci Faransanci ya kuɓuce masa. Na share masa 'yar rumfar da ke jikin ɗakina, ya ajiye akwatinsa. Da aka gama hajji 'yan ayarinsu suka tafi, shi bai ko ɗaga zancen tafiya ba.

Labarin wasan a hankali na tsince shi, yawanci da la'asar in ina tsince shinkafar ƙullu. Wasan da yanzu rediyo ke kira zari-ruga ne, amma shi nasu mutum goma sha uku ne kowane ɓangare. Ya ce bayan yaƙi an sallame shi a wani gari a kudancin Faransa, ya sami aiki a inda ake gasa tubali. Wata rana wani mutum ya ga ya ɗauki abin da mutum biyu ke ɗauka, ya ce ya zo fili ranar Lahadi.

Na ce, "Ƙato da kai, ƙwallo? Ai wasan yara ne."

Ya ce, "Wannan ba da ƙafa ake yi ba, auta. Rungume ta ake yi a ruga, su kuma su kayar da kai. Akwai masu gudu, sirara, suna baya. Mu ƙattin muna gaba. Mu ne ake bugawa da katanga."

Ya tashi ya gwada mini yadda suke yi in an tsayar da wasa. Ya sunkuya, ya rungumo turken rumfa da hannu ɗaya. Ya ce su uku ne a sahun farko, a sarƙe hannu, na baya su dafa su, can ma waɗancan su yi haka, sai a haɗa kai da kai a yi ta turi, ƙwallo tana ƙarƙashin ƙafafu. Nan kunnuwa ke murjewa, nan wuya ke sha. Ya tura turken kaɗan, rumfar duka ta girgiza, ƙura ta zubo mini cikin shinkafa. Na yi masa faɗa, ya koma ya zauna yana dariya.

Ya ce ya yi wa ƙungiyar garin nan wasa shekaru da yawa, daga baya wata babba ta ɗauke shi. Sun taɓa cin kofi, aka zagaya da su gari a buɗaɗɗiyar mota. Sai kuma aka kira shi cikin waɗanda za su tsaya wa ƙasar gaba ɗaya. Ya buɗe akwati ya nuna mini rigar, shuɗiya, mai kauri, da ɗan hoton zakara a ƙirji, wuyanta duk ɗinki. Da ita ya je Ingila. Ya ce filin taɓo ne zalla, ga sanyi har yatsu ba sa lanƙwasuwa, da aka tashi wasa ba a gane fari da baƙi sai an yi wanka. A wasan ne aka karya masa ƙashin kafaɗa, bai fita ba sai da aka busa tashi.

Na tambaye shi, "To ranar da aka ba ka rigar nan, ka yi murna?"

Ya daɗe yana shafa ta. Ya ce, "Na yi. Amma da na fito fili na duba mutanen nan birjik, ba wanda ya san sunan Inna."

A lokacin bai gaya mini dalilin barinsa can ba. Ya dai ce gwiwoyi sun gaji, ƙungiya ta ɗauki yara, ya koma gasa tubali. Ni ma ban matsa ba.

Mutum irin Yaya ba ya zama haka nan. Ya fara da ɗaukar ruwa a garwa biyu yana kai wa gidaje, sai shugaban 'yan shibriyya ya gan shi. Shibriyya wani ɗan gado ne na katako da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi, mutum huɗu su ɗauka a ka. Yawancin masu yinta mutanenmu ne. Shugaban nasu Bakano ne, dattijo mai yawan raha, Mu'allim ake ce masa. Ya zagaya Yaya yana kallon wuyansa, ya ce, "Wannan ai shi kaɗai ya isa shibriyya guda." Ya ɗauke shi aiki, ya sa shi a gaban shibriyya.

Shekarun nan biyu ko uku su ne masu daɗi a zamanmu. Yakan dawo da azahar da burodin tamis mai zafi a hammata, mu ci da wake. Alhazai suna neman shibriyyarsa don ba ya tangaɗi, kuma ya san yadda ake ratsa cunkoso ba a ture kowa ba. Hausarsa ta dawo, har ya ɗan tsinci Larabci, yana tafe yana cewa, "Ɗariƙ ya haj, ɗariƙ," wato a ba da hanya.

Ciwon kai kuwa tun zuwansa yana da shi. In ya taso masa sai ya ɗaure kai da rawani tamau, ya shige rumfa, ba ya son haske. Na ɗauka zafin Makka ne. Sai ya fara mantuwa. Zan aike shi sayo gawayi ya dawo hannu sake ya ce me na ce ma. Ya yi sallar la'asar, an jima ya sake alwala ya ce bai yi ba. Wata rana wani mai shago ya riƙo hannunsa ya kawo mini shi, ya ce ya gan shi tsaye a mararraba, cikin rana, bai san ta ina zai bi ba, alhali ga ɗakinmu ana hangowa. Na kai shi wajen wani likita Bamisire. Ya duba idonsa, ya shafa tabban da ke kansa, ya tambaya ko ya taɓa faɗuwa daga mota. Yaya ya ce a'a, amma sau da yawa yakan farka a gefen fili ana zuba masa ruwa, ya tashi ya koma wasa. Likitan ya girgiza kai, ya ba mu ƙwayoyin ciwon kai. Ban da su ba shi da abin ba mu.

Ana cikin haka wata shekara da hajji, Yaya ya dawo da baƙo. Mutumin Aljeriya ne, mai furfura kaɗan, da jallabiya fara. Ya kawo mahaifiyarsa hajji, Yaya ne ya ɗauke ta ɗawafi. Ya ce tun daga zagayen farko yake kallon kunnuwan nan da wuyan nan, bai yarda da idonsa ba sai da aka sauke tsohuwa ya yi masa magana da Faransanci. Ashe ya yi shekaru yana aikin gonar inabi kusa da garin da Yaya ya yi wasa, kuma ba Lahadin da yake fashin zuwa kallo.

Na shimfiɗa masa tabarma, na dafa shayi. Larabcinsa da nawa ba sa haɗuwa sosai, sai ya maimaita, yana yi yana gwadawa da hannu. Ya ce, "Ya hajja, kin san wane ne wannan? Mu leburori da ke tsaye a bayan fili, Larabawa da baƙaƙe, shi muke zuwa gani. In ya rungumi ƙwallo ya taho, mutum uku sai su maƙale masa yana tafiya da su."

Ya ba da labarin ranar da suka ci kofi. Ya ce an kusa tashi, ana gabansu, sai aka miƙa wa Yaya ƙwallo kusa da layin da ake kai ta a ci, ya sunkuyar da kai ya ratsa, jini yana zuba daga girarsa. Mutumin ya miƙe tsaye yana kwatantawa, har ya kusa zubar da shayi. Ya ce ranar ya yi ihu har muryarsa ta dushe, washegari mai gona, wanda bai taɓa gaishe shi ba, ya miƙa masa hannu.

Na juya na dubi Yaya. Yana zaune ya harɗe hannu a gwiwa, yana murmushi, yana gyaɗa kai, irin yadda ake yi in ana ba da labarin wani mutumin kirki da ba a sani ba. Da baƙon ya gama, Yaya ya ce mini da Hausa, a hankali, "Wannan da yake faɗi, ya yi ƙoƙari fa."

Na ce, "Yaya, kai ne."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da murmushi.

Baƙon bai ji Hausa ba, amma ya ga fuskata. Ya zauna. Can sai ya ce, "Ina yarinyarka? Wadda kake ɗorawa a wuya kana zagaya fili da ita bayan wasa?"

Na ce, "Wace yarinya?"

Ya dube ni, ya dubi Yaya. Ya ce ai Yaya yana da mata a can, 'yar wani mai gidan burodi, da 'ya mace mai gashi buzu-buzu, kowa a garin ya san su. Duk zamanmu Yaya bai taɓa faɗa mini ba.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya kai yatsa ya taɓa dasashinsa, ya ce, "Haƙoranta na gaba sun faɗi. Irin nawa. Tana yi mini dariya, tana cewa mun zama ɗaya." Na tambaye shi sunanta. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi ta motsa leɓe. Zufa ta karyo masa. Sai ya tashi ya shige rumfa ya ja labule.

Baƙon ya share ido da gefen jallabiyarsa. Kafin ya tafi ya ce in Allah ya mayar da shi zai je garin ya nemi yarinyar, ya gaya mata ubanta yana Makka. Na kwatanta masa shagon da za a iya aiko da saƙo a Mansur. Ya sumbaci goshin Yaya ta cikin labule, ya tafi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, kan Yaya ya ɗan washe, ya zo ya zauna kusa da tanda. Ba tare da na tambaya ba ya ce, "Da ciwon kan nan ya fara, fushi nake yi ba dalili. Wata rana na fasa teburi da hannu. Yarinyar ta ɓuya a bayan uwarta, tana kallona. Ban taɓa su ba, auta, wallahi ban taɓa su ba. Amma na ga yadda take kallona. Uwar ta kwashe ta suka koma gidan ubanta, ni kuma ban ga laifinta ba." Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba, ko da kansa ya washe.

Mu'allim ya san halin da ake ciki, ya yi ta rufa masa asiri. Ya ce aikin ba ya bukatar tunani, zagaye ne, kuma abokan ɗaukarsa suna lura da shi. Hajjin da ya biyo baya ne abin ya faru. Ni ba na wurin, Mu'allim ne ya zo har gida ya gaya mini. Ya ce cunkoso ya yi tsanani, mutane suna ta kabbara da ƙarfi, an matse su ta ko'ina. Sai kawai Yaya ya saki shibriyya, ya sunkuyar da kai, ya sa kafaɗa ya kutsa cikin mutane da gudu, hannunsa a ƙirji kamar ya rungumi wani abu. Ya watsar da mutane da dama. Allah ya kiyaye, sauran ukun suka tare shibriyyar, tsohon da ke kai bai faɗo ba, amma wani alhaji ya gurɗe hannu. Da aka kama shi yana haki yana Faransanci, yana tambaya ko ya kai layi.

Mu'allim ya ce, "Hajiya, da askar, 'yan sandan nan, sun riga mu kama shi, da ku biyun duka za a kwasa, tunda ba takarda. Na ba mai hannun haƙuri, ya yafe. Amma ba zan ƙara sa shi ba. Ki gafarce ni."

Na ce ba komai, ya yi iyakar yinsa. Washegari da asuba Yaya ya naɗa gammonsa zai fita aiki, na ce masa yau hutu ne. Kashegari ma haka. Na yi ta ce masa hutu ne har ya daina tambaya.

Daga nan ya koma zama kusa da ni a bakin tanda. Na ba shi aikin fifita wuta, yana yi da kyau. Masu sayen waina suka saba da shi, suna gaishe shi, yana amsawa. Jikin nan ya fara zubewa, riguna suka yi masa yawa. Wani lokaci ya kira ni Inna, in amsa. In zan shiga kasuwa sai in kulle shi a ɗaki, in dawo in tarar da shi tsaye a bayan ƙofa yana jira, bai ko taɓa ta ba, alhali da kafaɗa ɗaya zai iya ɓalle ta. 'Yata takan zo ta taya ni wanke masa kaya, mijinta kuma ya yi masa aski da wanka, Allah ya saka musu. Daga baya cin abinci ma sai na ba shi a baki. Salla kuwa bai bari ba, sai dai ya ɓata lissafin raka'a, in zauna a bayansa in ce, "Ya isa, Yaya, yi sallama."

Ya rasu a ƙarshen shekarun sittin, cikin watan Rajab, da rana tsaka. Na ba shi kunu ya sha kaɗan, ya ce kansa, na ɗaure masa rawani, ya kwanta. Da na leƙa in tashe shi azahar ya riga ya tafi. Maza suka yi masa sutura, aka sallace shi a Harami bayan la'asar. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, kuma a nan ba a sa wa kabari alama, saboda haka ban san takamaiman inda yake kwance ba.

Shekaru bayan haka, duk lokacin da alhazai suka fara sauka, nakan tsaya a shagon nan in tambaya ko wani ya aiko da saƙo daga Faransa. Mai shagon ya tsufa, ɗansa ya karɓa, shi ma ya san tambayata, tun kafin in buɗe baki zai ce, "Lissa, ya khala," wato har yanzu shiru. Ban sani ba ko mutumin ya je garin bai same su ba, ko ya same su ba su so ba, ko shi ma bai kai gida ba. Daga baya ƙafafuna suka gaza, 'yata ta ɗauke ni muka koma unguwar Ka'akiyya, aka rushe layin namu aka yi manyan gidaje. In tana raye, yarinyar nan yanzu ta zama tsohuwa. Ina sa ta a addu'a tare da ubanta, ina cewa 'yar Yaya, tunda ban san sunanta ba.